Ku Tambaya Mu Amsa: Wane Sanusi, Wane Abubakar?

Wasiƙun da suka zo mana a wannan watan kusan duk a kan abu ɗaya suka taru: mutanen da suka yi fice kuma suke takwarorin juna. Wasu musu ne ya sa suka rubuto, wasu kuwa takwara ce ta jawo musu asarar kuɗi ko tsaikon takardu. Mun haɗe masu kama da juna, mun rage wa masu tsawo.

Tambaya: Assalamu alaikum. Musu ya kaure a majalisarmu ta bakin masallaci. Wani dattijo Bayarabe da muke ciniki da shi ya ce shi ya san Sanusi yana Gwamnan Babban Banki tun hawan Obasanjo a 1999. Mu kuma muka ce sam, marigayi Umaru 'Yar'aduwa ne ya naɗa shi. Har an ce wanda ya faɗi zai sayi goro. Wa ya ci?
Daga mai sayar da yadi, Agege

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Goron nan sai dai a haɗa kuɗi a saya, don ku da baban duka kuna da gaskiya. Sanusi biyu ne suka riƙe Babban Bankin Najeriya, kuma babu dangin iya babu na baba a tsakaninsu.

Na farko shi ne Cif Joseph Oladele Sanusi, Bayarabe ɗan Ogbagi Akoko a Jihar Ondo, akanta ne. Ya riƙe kujerar daga Mayun 1999 zuwa Mayun 2004. Bayansa Charles Soludo ya yi shekara biyar. Sannan a Yunin 2009 'Yar'aduwa ya naɗa Sanusi Lamido Sanusi, wanda ya zauna har Fabrairun 2014 lokacin da Shugaba Jonathan ya dakatar da shi. Abin da ke ƙara rikita mutane shi ne hanyarsu ma ta yi kama. Dukansu sun yi aiki a UBA, kuma dukansu sun shugabanci First Bank kafin su zama gwamnan Babban Banki. Saboda haka idan wani ya ce maka "Sanusi na First Bank da ya zama gwamna", bai raba maka gardama ba tukuna, sai ka ce masa na wace shekara.

Ga wata hanya mai sauƙi ga ɗan kasuwa, tunda kuɗi kullum yana hannunku. Kowace takardar naira tana ɗauke da shekarar da aka buga ta da sa hannun gwamnan lokacin. Naira 100 ta fito a 1999, naira 200 a 2000, naira 500 a 2001, duk a zamanin Joseph. Naira 1000 ta 2005 ta Soludo ce. Naira 5 da 10 da 50 na leda kuwa sun fito ne a ƙarshen Satumban 2009, watanni kaɗan da hawan Sanusin Kano.

Shi kansa Sanusin Kano akwai mai sunan da ya gada. Kakansa Sarki Muhammadu Sanusi na ɗaya ya gaji mahaifinsa Abdullahi Bayero wanda ya rasu a ƙarshen 1953, ya yi murabus a 1963 ya koma Azare da zama. Shi ya sa da jikan ya hau gadon a Yunin 2014 aka kira shi Muhammadu Sanusi na biyu. An sauke shi a Maris ɗin 2020, ya dawo nan Legas da zama, garin da ya yi sakandare a King's College, sannan gwamnatin Kano ta mayar da shi a Mayun 2024, abin da ya kai ga shari'a. Duk wanda ya ce "lokacin da aka cire Sanusi" to a tambaye shi 1963 yake nufi, ko 2014, ko 2020. Uku ne, kuma biyu daga ciki mutum ɗaya suka faɗa wa.

Kada kuma a haɗa da Alhaji Sanusi Ɗantata, attajiri ɗan Alhassan Ɗantata; shi Sanusin ne kakan Aliko Ɗangote ta wajen uwa. Idan kuma kuna so ku burge baban naku, ku gaya masa Legas ma ta taɓa yin sarki mai wannan suna, Oba Sanusi Olusi, daga 1928 zuwa 1931. Yarabawa Musulmi sun daɗe da waɗannan sunaye, sai dai harshe ya lanƙwasa wasu. Bakare ɗin da kuke ji Abubakar ne, Buraimo Ibrahim ne, Lasisi Abdul'aziz, Lamidi Abdulhamid, Gbadamosi kuwa Badamasi.

Tambaya: Ni malama ce a wata Islamiyya mai haɗe da boko. Muna shirya wa yara gasar kacici-kacici ta tarihi, sai na ga duk inda na juya Abubakar ne. Yara suna ba Tafawa Ɓalewa aikin Abubakar Imam, suna mayar da Atiku Janar. Yaya zan tsara musu?
Daga wata malama, Idi-Araba

Amsa: Malama, kada ki ba su jerin sunaye su haddace, da an kwana biyu za su cakuɗa. Ki ja layi huɗu a allo: suna, gari, sana'a, shekaru. Duk wanda yaro ya ambata sai ya cika gurabun ukun da suka rage kafin a ba shi maki. Suna shi kaɗai ba ya nuna mutum a ƙasar Hausa, domin kusan duk muna ɗiba ne daga sunayen Annabawa da Sahabbai, waɗanda ba su da yawa, kuma kowane gida yana mayar da sunan kaka ga jika. Dalilin da ya sa ake liƙa wa mutum sunan garinsu ke nan, musamman a makarantun kwana na zamanin Turawa inda aji ɗaya zai tara Abubakar da yawa. Tafawa Ɓalewa, Gumi, Rimi, Shagari, Tambuwal, Masari, duk garuruwa ne.

Ki fara da wanda yaranki za su iya ganin sawunsa da idonsu. Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, mutumin Bauchi, malamin makaranta ne kafin siyasa. Ya zama Firayim Minista a 1957, shi ya karɓi 'yancin kai ranar 1 ga Oktoban 1960 a filin sukuwa na tsibirin Legas, filin da yanzu ake kira da sunansa. Sojoji sun ɗauke shi daga gidansa a nan Legas a daren 15 ga Janairun 1966, bayan kwanaki aka tsinci gawarsa a gefen hanyar Abeokuta, aka kai shi Bauchi aka binne. Hotonsa ne a naira 5. Idan makaranta na da hali, ki ɗauki yaran a mota ku je filin, daga nan ku taka zuwa gidan tarihi na Onikan. Yini ɗaya irin wannan ya fi sati ana karatu a aji.

Alhaji Abubakar Imam ɗan Kagara ne, a Jihar Neja ta yanzu, an haife shi a 1911 ya rasu a 1981. Marubuci ne, shi ne editan Hausa na jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939. Yaran ba su yi laifi sosai ba da suka haɗa shi da Tafawa Ɓalewa, don sa'o'in juna ne, dukansu sun yi Kwalejin Katsina, dukansu sun koyar, dukansu kuma sun yi rubutun Hausa. Abin da ya raba su, ɗaya mulki ya yi a Legas, ɗaya jarida a Zariya.

Shaihu Abubakar Mahmud Gumi malamin addini ne kuma alƙali. Ya zama Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa a 1962, ya fassara Alƙur'ani zuwa Hausa, ya karɓi lambar Sarki Faisal a 1987, ya rasu a Landan a 1992. Dakta Ahmad Gumi da ake ji a labarai yanzu ɗansa ne. Yara da yawa, har da manya, suna ɗauka mutum ɗaya ne. Abubakar Rimi kuwa gwamnan tsohuwar Jihar Kano ne daga 1979 zuwa 1983 a PRP, ya rasu a 2010, kuma Rimin tasa ta Sumaila ce, ba ta Katsina ba.

Sai waɗanda Abubakar ya zo musu a ƙarshe. Janar Abdulsalami Abubakar mutumin Minna, soja, ya riƙe ƙasa daga Yunin 1998 ya miƙa mulki ranar 29 ga Mayun 1999. A ranar ce Atiku Abubakar, ɗan Jada a Adamawa, tsohon jami'in kwastan, ya zama Mataimakin Shugaban Ƙasa har 2007. Ɗaya yana sauka ɗaya yana hawa, a fili ɗaya, a rana ɗaya. Nan ne ruɗanin yaranki ya samo asali. Ki ƙara musu da tarko ɗaya don masu ƙwazo: Abubakar Atiku Bagudu, gwamnan Kebbi daga 2015 zuwa 2023, wani mutum ne daban.

Wanda ya fi wuya shi ne na Sakkwato, ki bar shi sai zagayen ƙarshe. Sarkin Musulmi Abubakar na uku ya yi shekara 50 a kan gado, daga 1938 zuwa 1988. An ce masa na uku ne saboda Abubakar Atiku ɗan Shehu da Abubakar Atiku na Raba sun riga shi. Muhammadu Sa'ad Abubakar da ya hau a Nuwamban 2006, bayan rasuwar yayansa Maccido a haɗarin jirgi, ɗansa ne. Jaridun Turanci sukan liƙa masa "na uku", sai mai karatu ya zaci shi ne ya yi zamani da Sardauna.

Tambaya: Wai da gaske ne akwai Aminu biyu da suka yi Kakakin Majalisa kuma duka suka zama gwamna?
Daga wani ɗalibi, Akoka

Amsa: Gaskiya ne. Aminu Bello Masari ya yi Kakakin Majalisar Wakilai daga 2003 zuwa 2007, Aminu Waziri Tambuwal daga 2011 zuwa 2015. Rana ɗaya aka rantsar da su gwamnoni, 29 ga Mayun 2015, Masari a Katsina, Tambuwal a Sakkwato, rana ɗaya kuma suka sauka a 2023.

Amma idan ka ji dattijo ya ce "Malam Aminu" bai ƙara komai ba, Aminu Kano yake nufi, jagoran NEPU da PRP, wanda ya rasu a Afrilun 1983, mai filin jirgi da asibitin koyarwa na Kano. "Alhaji Aminu" a bakin 'yan kasuwar Kano kuwa galibi Ɗantata ne, wanda ya rasu a Yunin 2025 aka binne shi a Madina. A watan ne kuma aka rasa Farfesa Jibril Aminu, likitan zuciya ɗan Adamawa, tsohon ministan ilimi da na man fetur.

Tambaya: A 2024 an turo mana saƙo a WhatsApp cewa Ibrahim Babangida ya rasu a haɗarin mota. Muka yi ta jimami a gareji, daga baya muka ga Janar ɗin a talabijin. Ƙarya aka yi mana?
Daga direban tirela, Apapa

Amsa: Ba ƙarya ba ce, Malam, rabin labari ne. Wanda ya rasu a Mayun 2024 a hanyar Kaduna zuwa Zariya ɗan ƙwallo ne, yana cikin yaran da suka ci wa Najeriya kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 a Japan a 1993, ya kuma buga wa Volendam ta Holan. Ƙanin Tijjani Babangida ne, Tijjanin Ajax da ya jefa wa Afirka ta Kudu ƙwallo biyu a filin Surulere a wasan kusa da na ƙarshe na kofin Afirka a 2000. 'Yan Kaduna ne. Allah ya jiƙansa. Janar Ibrahim Badamasi Babangida na Minna ne, ya mulki ƙasa daga 1985 zuwa 1993, shi ya kwashe fadar gwamnati daga Legas zuwa Abuja a Disamban 1991, kuma a Fabrairun 2025 ma ya fito taron ƙaddamar da tarihin rayuwarsa.

Babangida laƙabi ne na alkunya, wanda ake yi wa yaron da ya ci sunan kakansa don uwa ba za ta iya kiran sunan surukinta ba. Shi ya sa ya bazu ko'ina, kuma shi ya sa Mu'azu Babangida Aliyu, gwamnan Neja daga 2007 zuwa 2015, ba ɗan Janar ba ne duk da garinsu ɗaya.

Masu neman a danna shafinsu da gangan suke cire shekaru da sana'a daga kan labari. Kafin ka tura sanarwar rasuwa, ka nemi abu uku a cikinta: shekarun mamacin, garin da za a yi jana'iza, da sunan ɗan uwan da ya sanar. In babu ko ɗaya, ka jira labaran rediyo. Rasuwar tsohon shugaban ƙasa ba ta awa ɗaya ba ta cika gidajen rediyo ba.

Tambaya: Kullum maza kuke kawowa. Mata fa, ba su da takwarori?
Daga wata Hajiya mai abinci, Obalende

Amsa: Kin yi gaskiya, Hajiya, a gafarce mu. Ga Maryam uku. Maryam Babangida, haifaffiyar Asaba, ita ta kafa shirin kyautata rayuwar matan karkara a 1987, ta rasu a Amurka a Disamban 2009. Maryam Abacha ita ce mai shirin tallafa wa iyali na 1994, wanda daga cikinsa babban asibitin ƙasa na Abuja ya samo asali. Mutane sukan ba wa ɗaya aikin ɗaya saboda mazajen duka Janar ne kuma mulkinsu kusan a jere yake. Ta ukun ba matar shugaba ba ce, da karatunta ta kai inda ta kai: Mai Shari'a Mariam Aloma Mukhtar, wadda aka haifa a nan Legas a 1944, mace ta farko da ta zama Alƙalin Alƙalan Najeriya, daga 2012 zuwa 2014. A ganinmu ita ya kamata a fi gaya wa 'yan mata labarinta, amma ita aka fi mantawa.

Akwai kuma wanda har manyan kafafen labarai na waje suna tuntuɓe a kai. Amina J. Mohammed ta Gombe, tsohuwar ministar muhalli, ita ce Mataimakiyar Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya tun 2017. Amina Mohamed ta Kenya kuwa ministar harkokin wajen ƙasarsu ce daga 2013 zuwa 2018, ta nemi shugabancin Hukumar Tarayyar Afirka a 2017, ta kuma nemi na Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 2020, kujerar da Ngozi Okonjo-Iweala ta samu. Harafi ɗaya ne ya raba rubutun sunansu, ta Kenya "m" ɗaya ce a tsakiya.

Tambaya: Ina tuƙin tasi, kullum ina bin titin Musa 'Yar'aduwa a Victoria Island da titin Ribadu a Ikoyi. Na shugaban ƙasa ne da na mutumin EFCC?
Daga wani direba, Ijora

Amsa: A'a, titunan sun girme wa shahararsu. Dubi allon da kyau, babu Umaru babu Shehu a jiki. Musa 'Yar'aduwa shi ne uban, Matawallen Katsina, wanda ya yi Ministan Harkokin Legas a Jamhuriya ta Farko, lokacin Ikko tana babban birnin tarayya. 'Ya'yansa biyu ne suka ɗauki sunan gaba: Janar Shehu, na biyu a gwamnatin Obasanjo ta soja daga 1976 zuwa 1979, wanda ya rasu a kurkukun Abakaliki a Disamban 1997, da ƙaninsa Umaru, Shugaban Ƙasa daga 2007 har rasuwarsa a Mayun 2010. A kula, Alhaji Shehu Musa Makaman Nupe, Sakataren Gwamnatin Tarayya a zamanin Shagari kuma wanda ya jagoranci ƙidayar 1991, Banufe ne na Bida, ba na gidan ba ne.

Ribadun kuwa Muhammadu Ribadu ne, Ministan Tsaro na Jamhuriya ta Farko da ya rasu a 1965. A kan titin ne barikin Dodan yake, inda shugabannin soja suka zauna. Nuhu Ribadu ya zama shugaban EFCC na farko ne a 2003. Ribadu gari ne a Adamawa.

Tambaya: Ina sayar da albasa. Akwai dillalai biyu da nake hulɗa da su a Arewa, dukansu Sani Abdullahi ne a banki. Na tura kuɗin lodi guda ga wanda ba shi ba, ta wajen mai POS. Yanzu wayarsa ba ta shiga. Ina mafita?
Daga wani ɗan kasuwa, Mile 12

Amsa: Allah ya mayar da alheri, Alhaji. Ka yi sauri, don kowane yini da ya wuce yana rage damar samun kuɗin a asusun.

Abu na farko rasit. A jikinsa akwai doguwar lamba mai ƙwaya 30 wadda bankuna ke bin sawun kowace turawa da ita. Ka ɗauki hotonsa yau, domin takardar POS tana gogewa cikin 'yan kwanaki, balle a aljihu mai gumi. Na biyu, tunda ta hannun mai POS ka tura, a idon banki kuɗin daga asusunsa ya fita, ba naka ba. Don haka shi ne zai shigar da ƙorafi a kamfaninsa ko bankinsa, kai ka tsaya a kansa har ya ba ka lambar ƙorafin. Da daga asusunka ka tura, sai ka je bankinka, ba bankin wancan ba, ka rubuta ƙorafi da rana da lokaci da adadi da lambar asusun da kuɗin ya faɗa, a buga maka hatimi a kwafinka.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne banki ba ya da ikon zare kuɗi daga asusun mutum haka kawai don wani ya ce ya yi kuskure. Bankinka zai tuntuɓi nasa, su kuma su nemi yardarsa. In ya yarda, magana ta ƙare. In ya ƙi ko ya ɓuya, sai da umarnin kotu, wanda ke buƙatar lauya da kuɗi da lokaci. Idan kuma bankin ne ya yi shiru har mako biyu, kana iya kai ƙara sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Banki, tare da kwafin ƙorafin farko.

Amma tunda ka san mutumin kuma kun taɓa ciniki, hanyar gida ta fi sauri. Ka sanar da shugaban 'yan albasa na nan, ya kira takwaransa na kasuwar da dillalin yake. Dillali da sunansa yake cin abinci, ba zai so a ce ya riƙe kuɗin da ba nasa ba. Mai yiwuwa ma wayar ce ta lalace.

Don gaba, kada ka dogara da sunan da ya fito a fuskar na'ura, tunda ga shi ya yaudare ka. Lambar asusu ƙwaya 10 ce, ka karanta ta uku, uku, huɗu, mai POS ya maimaita maka kafin ya danna. A wayarka ka adana kowa da laƙabinsa da garinsa da lambobi huɗun ƙarshe na asusunsa. In kuɗin mai yawa ne, fara tura naira 1000, ka kira ka ji ta shiga, sannan ka tura sauran.

Tambaya: A katin ɗan ƙasa ni Garba Muhammad ne, a banki Abubakar Mohammed, a takardar makaranta kuma an ƙara sunan garinmu. Yanzu zan yi fasfo an ce bayanaina ba su dace ba. Duk sunana ne fa.
Daga wani matashi, Alaba Rago

Amsa: A unguwa kowa ya san Garba da Habu da Buba da Bukar duk Abubakar ne, kamar yadda Shehu yake Usman, Sanda Umaru, Iro Ibrahim. Kwamfuta ba ta san haka ba. Harafi take ƙirgawa, don haka Muhammad da Mohammed da Muhammed mutum uku ne a wajenta. Kuskuren yakan faru ne ranar rajista: ma'aikacin da ba Bahaushe ba ya tambayi suna, ka faɗa da baki, ya rubuta yadda ya saba. Wani kuma sai a tambaye shi sunan dangi ya ba da nasa na yanka, sunan mahaifi ya koma farko.

Ka tara takardun duka ka kwafe sunan kowace, harafi da harafi, da jerin da ya zo. In ka manta lambobinka, *346# yana nuna NIN ta katin ɗan ƙasa, *565*0# yana nuna BVN ta banki, daga layin da ka yi rajista da shi, kowace ƙwaya 11 ce. Sannan ka zaɓi suna ɗaya. Shawararmu ga mai takardun makaranta shi ne ya bi abin da ke kan sakamakon jarrabawarsa ta sakandare, domin ita ta fi wuyar gyara. Wanda bai yi boko ba ya bi sunan yanka, ba laƙabi ba.

Daga nan sai ka je babbar kotu, kamar ta Ikeja, ka yi takardar rantsuwa cewa duk waɗannan sunayen naka ne kuma ga wanda ka tsayar. Ka buga sanarwa a jaridar ƙasa, ka sayi kwafi biyu ko uku ka ajiye shafin gaba ɗaya yadda kwanan wata zai fito, kada ka yanke ɗan gurbin kawai. Da waɗannan za ka nemi gyara a NIMC, hukumar katin ɗan ƙasa, ka biya kuɗin ta hanyar da hukumar ta tsara, ka karɓi rasit. Sai gyaran ya fito a NIN sannan ka je banki a daidaita BVN, sannan kamfanin layin waya. Fasfo shi ne na ƙarshe, domin hukumar shige da fice daga NIN take ɗauko bayanai. Masu fara biyan kuɗin fasfo kafin gyaran ya fito su ne ke yin watanni suna zarya.

Kada wani ya ruɗe ka da cewa a yi maka sabuwar NIN ko BVN da sunan da kake so. Zanen yatsunka yana ajiye, na'ura za ta gane rajista biyu, kuma warware wannan ya fi gyaran suna wahala nesa ba kusa ba.

In ka tashi yi wa 'ya'yanka takardar haihuwa a hukumar ƙidaya, ka rubuta sunan a takarda da hannunka ka miƙa, suna uku: na yaro, naka, da na kaka ko na gari. Wannan rubutun za a bi a firamare, da NIN, da rajistar JAMB wadda tun 2021 ba a yin ta sai da NIN. 'Ya mace kuma a bar mata sunan mahaifinta ko bayan aure, kamar yadda aka saba a gidajenmu, don sauya shi zuwa na miji yana nufin ta sake bin kotu da jarida da NIMC da banki daga farko.